Shuɗin Ruwan Lugbe Ba Na Isiyaku Ba Ne

Shekara bakwai ke nan da muka kai Isiyaku makwancinsa. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, nakan rubuta 'yan layuka in tura wa abokai a waya, in ce Allah Ya jiƙan gwani, mutumin kirki, abokin aiki. Su amsa da amin, ni kuma in ji kamar na sauke wani nauyi. Bana na kasa. Abin da na saba faɗa duk gaskiya ne, amma akwai wata gaskiyar da na daɗe ina zaune a kanta, kuma ita ta sa na roƙi wannan fili a jarida. Na ɓata wa abokina suna a wurin yayarsa, ya mutu ban gyara ba.

Tun muna ɗalibai a Zariya na san Isiyaku. Da muka gama, muka buɗe ɗan ofis a Wuse, a saman wani bene, ƙarƙashinmu masu sayar da tayil. Lokacin Abuja tana tashe, ko'ina ka duba gini ne ke fitowa, kuma kowane mai kuɗi so yake nasa ya zama na gilashi daga sama har ƙasa. Aikinmu shi ne masu zanen gini su kawo mana zanensu, mu mayar da shi hoto a kwamfuta kamar an riga an gina shi, har da mota a ƙofa da inuwar bishiya. Da wannan hoton ake tallata gidan da ba a ko haƙa harsashinsa ba. Ni ne bakin ofis, ni ke karɓar baƙi da zuba musu daɗin baki. Isiyaku shi ne hannu. Ina taɓa kwamfutar ni ma, amma tsakanina da shi akwai tafiya mai nisa.

Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san bango da rufi ba su da wuya. Inda ake gane gwani shi ne gilashi da ruwa. Sabon shiga zai shafa wa taga shuɗin launi ya ce ya yi gilashi, sai ka ga gini kamar an liƙa masa leda. Isiyaku yakan ce gilashi ba shi da kamannin kansa, abin da ke gabansa da abin da ke bayansa ake zanawa. In ka tsaya masa tsaye za ka hango cikin ɗaki, in ka koma gefe sai ya zama madubi. Bakinsa yana da ɗan kore-kore. Kuma babu gilashin da ya miƙe sumul, shi ya sa falwayar da ke titi take ɗan karkacewa a cikinsa. Duk waɗannan sai ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, har da tabon da ruwan sama ke bari a ƙasan taga.

Ruwa kuwa, a kansa ya fi ba mu wahala. Yana da wani kasko da ya saya a wurin masu ginin tukwane a Ushafa, ya ajiye shi a bakin tagar ofis, kullum cike da ruwa. In aiki ya cije masa sai ya tashi ya tsoma cokali a ciki, ya tsaya yana kallon yadda cokalin ya karye a ido alhali lafiyarsa lau. Ya girgiza kaskon kaɗan, hasken rana ya hau silin yana rawa, ya ce mini in duba. Ni kuwa ga mai aiki yana kira a waya, abokina yana can yana wasa da ruwa kamar mai shirin alwala. A wurinsa na koyi cewa ruwa daga ƙasansa da sararin samaniyarsa yake aron launi, kuma in ba shi da zurfi dole a ga abin da ke kwance a ciki.

Bayan an gama saitawa sai a bar kwamfuta ta yi ta lissafin hasken, abin da muke kira renda. A wancan zamani hoto ɗaya mai gilashi da yawa yakan cinye wuni guda, in an ɗauke wuta kafin janareta ya kama a koma farko. Ban taɓa ganin wannan ya ɓata masa rai ba. Abin da ke ɓata masa rai shi ne in ce, “Haba Isiyaku, ai ba wanda zai lura.” Ranar sai mu wuni ba ya kallon inda nake.

Yana da ɗabi'u biyu da kowa ya san shi da su. Ba ya fara aiki sai ya je filin da ƙafarsa, da kyamara da wata ƙwallon ƙarfe mai sheƙi kamar madubi. Zai kafa ta a tsakiyar fili ya ɗauki hotonta ta kowane gefe, domin abin da zai fito a tagogin gidan ya zama ainihin abin da ke kewaye da wurin. Ta biyu kuma, ba ya sa hannu a hoto. Maimakon haka, ɗan kaskon nan nasa yake zanawa a wani lungu na hoton, ko bakin ƙofa ko gindin bishiya. Masu gini suka gane, har wasu kan tambaya ko hoton mai kasko ne. In mai kasko ne, an yarda abin da ke ciki haka zai fito.

Wata shekara da rani wani ɗan kasuwa ya kawo mana aikin rukunin gidaje a Lugbe, can ciki bayan an sauka daga hanyar filin jirgi. Ba zan kama sunansa ba, mu dai Ciyaman muke ce masa. A zanen da ya kawo akwai wani rafi da ya ratsa filin, an faɗaɗa shi an mayar da shi tafki, an jera gidaje a bakinsa. Muka je wurin tare da Isiyaku. Rafin ya ƙafe saura ɗan siririn ruwa, mutum zai tsallake da ƙafa ɗaya. Amma Isiyaku sama yake kallo. A rassan bishiyoyin bakin rafin akwai ledoji da yayi da tsummoki a rataye, sun ɗara tsawon mutum. Wata dattijuwa da ke wanki a wurin ta ga muna nunawa, ta miƙa hannu can wajen da aka kafa turakun gidaje ta ce, “Damina, ruwa yana zuwa har can. Shi ba ya wasa.”

Isiyaku ya yi hoton cikin mako biyu, kuma har yau ban ga ruwan da ya kai shi kama da gaske ba. Ja ne mai kauri, da ɗan kumfa a gefe, da taɓo a gaɓa, ga alamar inda ruwa ke kaiwa a jikin itatuwa. Ciyaman ya zo ya duba, ya cire tabarau ya mayar.

“Oga Nasiru, wannan wane irin ruwa ne? Kamar kunu. Wa zai sayi gida a bakin kunu? Ku sa shi bulu, mai kyau, irin na waje.”

Isiyaku ya ce, “Ranka ya daɗe, in aka sa madatsa da magudana a zanen, ni da kaina zan gyara. Yanzu babu su. Abin da ke wurin shi na zana.”

Ciyaman bai ƙara kallonsa ba, ni ya kalla. Na raka shi har mota ina ce masa kada ya damu.

A ƙarshen makon Isiyaku ya tafi Zariya wani taron suna. Ranar Asabar da hantsi na zo ofis ni kaɗai. Na buɗe wani tsohon aikinsa, wurin wanka na wani otal, na ɗauko ruwan da ya haɗa a can, garau, ana ganin haske na rawa a ƙasansa. Na zuba shi a rafin Lugbe. Don kada in ɓata wuni, ɓangaren ruwan kaɗai na yi wa renda na liƙa a kan hoton. Na share ledojin da ke rassa, na shimfiɗa ciyawa a kan taɓon. Sai na zo kan kaskon, yana nan a gindin wani mangwaro. Ba mantawa na yi ba. Na ɗora alamar linzamin kwamfuta a kansa, na yi ɗan tunani, na bar shi, domin na san shi ne zai sayar da gidajen.

Kafin Isiyaku ya yi mako biyu da dawowa an kafa hoton a wani ƙaton allo a bakin hanyar filin jirgi. A cikin tasi ya gan shi. Ya shigo ofis ya ajiye jakarsa, ya ce, “Nasiru, ruwan ya yi kyau. Amma ba na wurin ba ne.” Na shiga kawo dalilai, na ce talla ce, kowa haka yake yi, Ciyaman ya yi alkawarin magudana. Ya ce in sa a sauke allon, ko a cire kaskon. Na ce to. Wannan to ɗin na yi ta maimaita masa har wata uku, ina cewa gobe.

A nan Yaya Rabi ta shigo maganar. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta yi masa makaranta da albashinta na ma'aikaciyar jinya. A shekarar ta yi ritaya. Ta ga allon, ta hango kaskon ƙaninta, ba ta nemi shawarar kowa ba. Duk abin da aka sallame ta da shi ta kai, ta zaɓi gida a layin farko, na bakin ruwa. Sai da komai ya kammala ta hau benenmu da dambun nama a leda, tana haki tana dariya, ta zo yi masa albishir.

Isiyaku ya miƙe tsaye. Ya ce, “Yaya, ki je ki fasa. Wurin nan ruwa yana cinsa.”

Ta ce, “Kai, Isiyaku, wane ruwa? Ba hotonka ba ne? Ga kaskonka nan a ciki. Ko ƙarya ka zana wa mutane?”

Ni ya juyo ya kalla, kuma na san me yake jira. Kalma huɗu ko biyar ce, in ce Yaya, ni na canza. Wallahi ta zo har bakina. Sai na tuna Ciyaman, da sauran ayyukan da ya ce zai kawo, da yadda magana ke yawo a Wuse. Na ɗauki wayata na kara a kunne kamar ana kirana, na fita baranda. Babu wanda ya kira ni. Ina tsaye ina kallon masu lodin tayil har na ji saukarta.

Da na dawo na roƙe shi ya rufa mini asiri, na ce in maganar ta fita ofis ya mutu, kuma ni zan matsa wa Ciyaman ya yi magudanar. Sai ya ce, “Kai za ka faɗa mata, ba ni ba.” Ya ci gaba da bin ta yana cewa ta sayar, ita kuma ta ɗauka baƙin ciki yake yi mata ko kuma wani abu yake ɓoyewa. Aka gina gidajen, ta tare a nata, amma ba a yi magudanar ba. Damina ta farko ruwa ya tsaya a bakin katanga. A ta biyu, wata Laraba da la'asar, ya shiga gidajen layin farko har ƙugu. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba, amma Yaya Rabi ta fito da kayan jikinta kaɗai. Takardunta, da hotunan iyayensu, da akwatin kayan mahaifiyarsu da ta yi shekaru tana adanawa, duk suka tafi. Bangon gidan ya tsage, ba ta sake kwana a cikinsa ba.

Ta koma haya, ta kuma rufe wa Isiyaku ƙofa. A wurinta ƙaninta ya san wurin, ya zana ƙarya don a biya shi, da ya ga ta faɗa ciki kunya ta sa shi cewa ta fasa. Maganar ta bazu a dangi da kuma cikin masu gini. Wanda a da ake tambayar kaskonsa, sai aka koma cewa mai kaskon nan ne ya zana tafkin Lugbe. Ya bar ofishinmu ba faɗa ba hayaniya, ya koma koyar da zane a wata ƙaramar makaranta a Bwari. Mukan gaisa a ɗaurin aure. Duk haɗuwa sai ya riƙe hannuna ya ce, “Ka je wurin Yaya?” In ce ina nan tafe. Shekara huɗu muna haka, ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Na je asibiti sau biyu da lemo da ayaba, na zauna muka yi hirar ƙwallo. Da ni aka ɗauki makararsa, har ina cikin masu ba mutane haƙuri.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda sana'ar ta koma. Hoton da ke cin wuni yanzu kafin ka sha shayi ya fito. Akwai manhajar da za ka rubuta mata gida a bakin tafki da yamma, ta ba ka shi nan take, gilashi na sheƙi, ruwa garau, ba wanda ya taka fili balle ya ɗaga kai ya duba rassa. Na san zai yi murna da saurin, domin ya sha wahalar jira. Amma zai matso da fuskarsa jikin allo ya tambaya, wannan abin da ke cikin tagar a ina yake? Yawancin allunan da ke hanyar filin jirgi a yau tagoginsu sararin wata ƙasa suke nunawa. Ba ni da bakin zargin kowa, ni na riga su.

Watan jiya ina kwashe tsofaffin ayyuka zuwa sabuwar kwamfuta na ci karo da hoton Lugbe. Na buɗe shi, na yi ta ƙara girmansa ba tare da wani dalili ba, har na kai kan tagogin layin farko. A cikin kowace taga ga jan ruwa nan, ga taɓo, ga ledoji a rataye a rassa. Ruwan na canza, ban taɓa gilashin ba, shi kuma yana nan yana nuna rafin da Isiyaku ya zana. Kuskure ne na ɗan koyo. Kuma babu yadda za a yi mutumin da ke lura da karkacewar falwaya a taga ya kasa ganinsa tun ranar farko. Ashe duk shekarun nan yana da shaida a hannu. Da ya buɗe wa Yaya Rabi hoton ya nuna mata tagar, da magana ta ƙare. Bai yi ba, ya zauna yana jiran in zo da ƙafata.

Na ɗauki kwamfutar na tafi wurinta. Tana zaune yanzu a gidan ɗanta, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta karɓe ni da fara'a, tana kirana abokin Isiyaku, ta sa aka kawo mini ruwa. Ban iya sha ba. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga Asabar ɗin nan har wayar ƙarya da na kara a kunne. Na ƙara girman tagar na miƙa mata. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, ta shafa allon da yatsa.

Ta ce, “Sau uku yana zuwa ƙofata da azumi, ina cewa a ce masa ba na nan. Yana asibiti ma sai da aka ce ya fita hayyacinsa na je.”

Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Nasiru, gidan na yafe, ya daɗe da fita raina. Ƙanina fa? Wa zai je ya gaya masa na gani?”

Ta rufe kwamfutar da kanta ta turo mini. Ta ce, “A bakin titi kuka kafa allon nan, kowa ya gani. Kada ka zo ka yi mini raɗa a ɗaki ka ce ka gama. Ka je ka faɗa inda mutane za su ji.”

Shi ya sa na zo nan. Isiyaku bai bar gini ko ɗaya da sunansa ba, hotunansa ma yawanci sun bi tsofaffin kwamfutoci. Ɗalibansa na Bwari sun ce har yau ba sa fara aiki sai sun je fili, wannan ya rage. Abin da ya kamata ya rage masa fiye da komai shi ne sunan mutumin da bai taɓa zana abin da babu ba, kuma ni na karɓe shi. Ina roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa haske a kabarinsa.

Ku kuma da kuka sayi gida a bakin rafin nan saboda kun ga kasko a gindin mangwaro, da ku 'yan'uwansa da kuka yi shekaru kuna sunkuyar da kai in an ambaci Lugbe, ku ji daga bakina. Isiyaku jan ruwa ya zana, ya ce ba zai canza shi ba sai an sa magudana. Ni Nasiru na mayar da shi shuɗi, na bar alamarsa a kai ina sane, kuma da aka tambaye shi a gabana na fita baranda.